Zuciya da Kewayar Jini a Jikin Dabbobi Masu Shayarwa: Darasi Daga Wurin Rundawan Giyawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe yana ambaton zuciya da jini a cikin maganarsa ta yau da kullum. Yakan ce wane yana da farar zuciya, wane zuciyarsa ta mutu, wance tana da farin jini, wane ya sha jinin jikinsa. Yakan kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma in aka ɗauko zuciyar rago aka ajiye a gaban ɗalibin Hausa, aka ce ya bayyana aikinta da harshensa, nan da nan sai kalmomi su ƙare masa. Kalma guda, watau jijiya, ita zai yi ta juyawa, ko yana nufin hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, ko wadda ke komo da shi, ko zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, ko igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi. Abubuwa huɗu ke nan masu aiki daban-daban, suna guda.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda zuciya ke aiki da yadda jini ke kewayawa a jikin dabbobi masu shayarwa, watau waɗanda ke shayar da 'ya'yansu nono, kamar akuya da tunkiya da saniya da raƙumi da jaki da jemage, har da ɗan Adam kansa. Misalan da za a kawo an ɗebo su ne daga abin da ido ke gani a Giyawa ta ƙasar Goronyo da maƙwabtanta na Wurno da Rabah, inda kiwo da fawa da noman rani suka zama sana'o'in gado. A ƙarshe za a ba da shawarar waɗansu kalmomi.

2.0 Siffar Zuciya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon Layya ya ga zuciya, ko zucciya kamar yadda muke faɗa a Sakkwatanci. Tana zaune a cikin ƙirji tsakanin huhun dama da na hagu, a lulluɓe da wani tantani mai ɗan ruwa a ciki, wanda ke hana ta gogayya da abin da ke kewaye da ita. Tsoka ce zalla, sai ɗan kitse a wuyanta. Ta babban mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, nauyinta kuwa tsakanin giram 250 ne da 350.

In aka tsaga ta a tsaye za a tarar da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa, da wani bango na tsoka da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Na saman ƙanana ne, bangonsu ba kauri, aikinsu karɓar jinin da ya shigo. Saboda haka a nan za mu kira su zaure, tun da zaure shi ke karɓar baƙo. Na ƙasan su ne manya masu tura jini waje, su za mu kira ɗaki. Ke nan akwai zauren dama da ɗakin dama, akwai zauren hagu da ɗakin hagu.

Wata rana ina kallon wani dattijo daga cikin Rundawan garinmu yana yanka zuciyar sa don tsire, sai na lura gefe ɗaya ya fi ɗayan nama nesa ba kusa ba. Na ce, "Baba, mi as sa wanga gefe yaf fi kauri?" Ya ce, "Ɗana, haka munka iske ta. Ko ta akuya ce, ko ta sa, ko ta raƙumi, gefe guda shi yaf fi nama." Abin da ya gani daidai ne. Bangon ɗakin hagu ya yi kamar ninki 3 na bangon ɗakin dama, domin ɗakin dama huhu kurum yake tura wa jini, ga shi nan kusa, shi kuwa na hagu sai ya kai jini tun daga ƙaho har kofato. Dattijon ya kuma nuna mini wani ɗan ƙashi da akan samu a wuyan zuciyar manyan shanu. Likitocin dabbobi sun san da shi, yana taimakawa ne wajen riƙe bakin babbar hanyar da jini ke fita.

Tsakanin kowane zaure da ɗakinsa akwai ƙyaure na tantani, wanda waɗansu fararen zarurruka ke riƙe da shi kada ya juye baya. Akwai kuma ƙyaure a bakin kowace hanya da ta fita daga ɗakunan nan biyu. Ƙyamaren 4 ke nan, kuma dukkansu gefe guda suke buɗewa. Ƙarar nan guda biyu da ake ji in an kara kunne a ƙirji, ƙarar rufewarsu ce: ta fari ta ƙyamaren da ke tsakanin zaure da ɗaki, ta biyu ta waɗanda ke bakin hanyoyin fita.

3.0 Hanyar da Jini Ke Bi

Jini yana yin kewaye biyu ne kafin ya komo inda ya taso.

Na farko shi ne ƙaramin kewaye. Jinin da ya gama aiki a jiki, wanda ya yi duhu domin ya rabu da wani kaso na iskar oksijin da ya ɗauko, yana shigowa zauren dama ta manyan hanyoyi biyu, ɗaya daga wajen kai, ɗaya daga wajen ciki da ƙafafu. Daga zauren sai ya gangara ɗakin dama, ɗakin ya matse, ya tura shi huhu. A cikin huhu ne yake sauke gurɓatacciyar iska, watau kabon dayoksaid, wadda ake fitarwa da numfashi, ya ɗauki oksijin, launinsa ya koma ja wur. Sa'an nan ya komo zuciya, amma ta zauren hagu.

Na biyu shi ne babban kewaye. Daga zauren hagu jini ya sauka ɗakin hagu, shi kuwa ya tunkuɗa shi cikin uwar jijiyoyi, wadda ta fi kowace girma. Ita ce ke rarrabuwa zuwa kai da hannuwa da hanji da ƙoda da ƙafafu, kowane reshe yana ƙara rabuwa yana ƙara sirancewa, har a kai ga waɗansu 'yan hanyoyi da ido ba ya gani, waɗanda kaurinsu bai fi kashi ɗaya cikin 10 na silin gashi ba. Saboda ƙuncinsu, ƙwayoyin jini sai sun yi layi ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce. A nan ne ake yin ainihin cinikin: abinci da oksijin su ratsa bangon su shiga tsoka, dattin da tsoka ta tara ya shigo cikin jini. Daga nan sai 'yan hanyoyin su soma haɗuwa, ƙanana su zama manya, har su zube a zauren dama.

Manomin rani zai fahimci wannan tsari da sauri. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan gulbin Rima a 1984, tana sakin ruwa zuwa babbar hanya, babbar ta raba wa ƙanana, ƙananan su kai shi fangalin albasa da tafarnuwa da shinkafa. Sai dai kwatancin ya tsaya a nan. Ruwan da ya shiga fangali ba ya komawa madatsa, shi kuwa jini komawa yake yi, kuma shi ɗin ne dai ke sake fitowa.

Lissafi zai tabbatar da haka. Zuciyar babban mutum da ke hutawa tana bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya, a kowane bugu tana tura kamar mililita 70. In aka ninka, kusan lita 5 ke nan a minti, fiye da lita 7,000 a kwana guda, watau cikin duro 35 mai cin lita 200. Alhali duk jinin da ke jikin mutumin bai wuce lita 5 ba. Ba abincin da mutum zai ci ya zama duro 35 na jini a yini. Tilas jinin nan guda ne ke ta zagayawa, yana gama kewaye ɗaya a kamar minti guda.

Akwai ratse biyu da ya kamata a ambata. Jinin da ya fito daga tumbi da hanji ba ya zarcewa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta hanta, ko anta a faɗarmu, inda ake tace shi a adana wani abincin. Ita kuma zuciya ba ta shan jinin da ke cikin ɗakunanta. Tana da nata 'yan jijiyoyin da suka tashi daga gindin uwar jijiyoyi suka naɗe ta. In ɗayansu ta toshe, wani yanki na tsokar zuciya ya mutu, wannan shi ne ciwon da kan kayar da mutum farat ɗaya.

4.0 Abin da Ke Sa Zuciya Bugawa

Mutum yana iya riƙe numfashinsa na ɗan lokaci, amma ba ya iya ce wa zuciyarsa tsaya. Dalili kuwa umurnin bugu daga cikinta yake fitowa. A bangon zauren dama akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin tsoka da ke haifar da ɗan ƙaramin lantarki a kai a kai, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a Ingila a 1907. Saƙon yakan bazu cikin zaurukan biyu su matse, ya ɗan dakata a wata mahaɗa don ɗakuna su cika, sa'an nan ya gangara ya sa ɗakunan su matse. Ƙwaƙwalwa ba ta fara bugun, sai dai ta ƙara masa sauri ko ta rage. Abin da Bahaushe ke kira faɗuwar gaba wannan ne: tsoro ya sa jiki ya saki wani sinadari cikin jini, zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, don a shirya wa gudu ko faɗa.

Wannan ya bayyana abin da ake gani wurin yanka. A mazhabar Malikiyya ana yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya guda biyu, wuƙar kuma takan haɗa da jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, domin suna maƙwabtaka. Ƙwaƙwalwa ta rasa jini, amma zuciya takan ci gaba da bugawa na 'yan mintoci, ita ce ke tunkuɗo jinin yana tsartuwa bugu bayan bugu. Duk da haka kamar rabin jinin dabbar ne ke zuba, sauran yana maƙale a tsoka da kayan ciki.

5.0 Bambancin Dabbobi

Tsarin ɗakuna 4 ɗaya ne a duk masu shayarwa, tsuntsaye ma haka. Kifi ɗaki 2 gare shi, kwaɗo 3. Amfanin huɗun shi ne jan jini ba ya gauraya da mai duhu, don haka tsoka tana samun isasshen oksijin da za ta riƙe ɗumin jiki ko da sanyin hunturu. Shi ya sa ƙadangare sai ya sha hantsi kafin ya yi kuzari, akuya kuwa tun asuba tana tsalle.

Inda aka bambanta shi ne sauri. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon ƙanƙantar dabba gwargwadon saurin zuciyarta, domin ƙaramin jiki ya fi saurin rasa ɗumi. Zuciyar giwa tana bugawa kamar sau 30 a minti, ta doki 30 zuwa 40, ta saniya kamar 60 zuwa 80, ta akuya da tunkiya 70 zuwa 80, ta ɓera kuwa ta haura 500.

Raƙumi yana da nasa abin mamaki. Jajayen ƙwayoyin jinin mafi yawan masu shayarwa kewayayyu ne kamar faifai mai loɓawa a tsakiya, nasa kuwa masu siffar ƙwai ne. Suna iya ratsa ƙananan hanyoyi ko jini ya yi kauri don ƙishirwa, kuma suna iya kumbura fiye da ninki biyu ba su fashe ba in ya kwankwaɗi ruwa mai yawa a tashi ɗaya. Shi kuma raƙumin dawa, wanda har yanzu akwai garkensa a wajen Kure kusa da Yamai a Nijar, ƙarfin bugun jininsa ya yi kamar ninki biyu na ɗan Adam, domin sai an hau da jini wuya mai tsawon kusan mita 2 kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Ɗan da ke cikin mahaifa ba ya numfashi, jininsa daga mabiyiya yake samun oksijin. Saboda haka akwai wata 'yar kafa tsakanin zaurukansa biyu da wata gajeruwar hanya da ke sa jini ya kauce wa huhu. Bayan haihuwa da kukan farko sai su rufe. In bangon zuciya ya zo da kafar da ba ta rufe ba, shi ne ake ce wa yaro yana da rami a zuciya.

6.0 Yadda Aka Gano Kewayar Jini

Fiye da shekara 1,000 likitocin Gabas da Yamma suna bin ra'ayin Jalinusa, likitan Yunanawa na ƙarni na 2, cewa hanta ke ƙera jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye shi, wani kuma ya ratsa bangon tsakiyar zuciya ta waɗansu kafofi da ba a gani. Wanda ya fara rushe wannan shi ne Ibn Nafis, likita kuma malamin fiƙihu da ya yi karatu a Dimashƙa ya rasu a Alƙahira a 1288. A sharhin da ya yi wa sashen gaɓoɓin jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina a 1242, ya nuna bangon nan ba shi da kafa, jini ta huhu yake bi daga dama zuwa hagu. Maganarsa ta daɗe a ɓoye, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya tono rubutun a wani ɗakin karatu na Balin.

Babban kewaye kuwa William Harvey na Ingila ne ya tabbatar da shi a littafin da aka buga a 1628, ta hanyar feɗe dabbobi iri-iri da irin lissafin da muka yi a sama. Bai ga 'yan hanyoyin da suka haɗa masu fita da masu komowa ba, har ya rasu a 1657. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan su da madubin ƙara girma a huhun kwaɗo a 1661.

Mu ma ƙasarmu ba baƙuwar ilmin magani ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma hubbarensa yake can, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido. Abin da ya rage mana shi ne mu kawo irin wannan ilmi cikin Hausa.

7.0 Amfanin Wannan Sani

Na farko, wajen rauni. In lauje ko wuƙa ta yanki mutum aka ga jini ja wur yana tsartuwa, jijiya mai fita ce ta yanke, kuma rai na cikin haɗari. In mai duhu ne yana kwarara a hankali, mai komowa ce. A duka biyun abin yi shi ne a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga, a nufi asibiti. Zuba ƙasa ko toka ba ya rufe jijiya, sai dai ya shigar da cuta.

Na biyu, wajen ƙaho. Akan ce jinin da wanzami ya zuƙo mataccen jini ne saboda baƙinsa da gudajinsa. Alhali duhun na ƙarancin oksijin ne, gudajin kuwa halin kowane jini ne in ya bar jijiya. Mai ƙarancin jini, musamman mai ciki, ƙaho ƙara masa rauni yake yi.

Na uku, wajen ba da jini. Sau da yawa mace takan zubar da jini bayan haihuwa, a nemi dangi su bayar, maza su noƙe don tsoron kada nasu ya ƙare. Abin da ake ɗiba kamar mililita 450 ne, bai kai kashi ɗaya cikin 10 na jinin babban mutum ba. Ruwansa yakan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma ɓargo ya maye su cikin 'yan makonni. Ko ba a ɗiba ba, jar ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu a sake wata.

Na huɗu, hawan jini. Awon lafiyayyen mutum yana wajen 120 bisa 80. In ya zauna a 140 bisa 90 ko fiye, an shiga hawan jini. Yawanci ba ya ciwo, sai ranar da wata jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Mutanen kwarin Rima da suka ga ambaliyar 2010 sun san abin da ruwa ke yi in ya fi ƙarfin gaɓarsa. Maganin abin shi ne awo a kai a kai, da rage gishiri, da shan magani yadda likita ya tsara.

Na biyar, ga makiyayi. Da damina tsutsar ciki mai shan jini takan addabi awaki da tumaki, har da jar akuyar Sakkwato da ake alfahari da fatarta. In aka janye fatar idon dabba ta ƙasa aka ga cikin ya yi fari maimakon ja, jininta ya ragu, sai a nemi malamin dabbobi tun ba ta kwanta ba.

8.0 Shawarar Kalmomi

Ba daidai ba ne a raba jijiyoyi da launin jininsu, domin wadda ke zuwa huhu daga zuciya mai duhu take ɗauka, masu komowa daga huhu kuwa ja. Da inda suka nufa ya kamata a raba su. Ga abin da nake gani:

(a) jijiyar fita: mai ɗaukar jini daga zuciya, mai kaurin bango, wadda ake jin bugunta a wuyan hannu;
(b) jijiyar komowa: mai maido jini zuciya, mai ƙananan ƙyamare a ciki, wadda ake gani kore-kore a bayan hannu;
(c) jijiyar gashi: 'yan siraran da suka haɗa biyun;
(d) jijiyar saƙo: farin zaren da ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka, ba ya ɗaukar jini;
(e) agara: a faɗaɗa ma'anarta ta game duk igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi;
(f) zaure, ɗaki, ƙyaure: kamar yadda aka yi amfani da su a sama.

9.0 Kammalawa

An ga cewa zuciyar mai shayarwa famfo biyu ce a haɗe, na dama yana tura jini huhu, na hagu yana tura shi sauran jiki, kuma jini guda ne ke zagayawa ba ya tsayawa. An ga kuma cewa Hausa tana iya ɗaukar wannan bayani in an rarrabe ma'anonin jijiya. Tun a 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta yi maganar koyar da yara da harshen uwa a farkon firamare, amma malami ba ya koyar da abin da ba shi da sunansa.

Kalmomin da na kawo shawara ce, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su gyara. Ina kuma kira ga duk wanda ya tafi hutu ya zauna da Rundawa da wanzamai da unguwarzoma da makiyayan garinsu, ya rubuta sunan da suke ba kowace gaɓa da kowace jijiya, tare da sunan garin da ya ji ta. In muka tara na Sakkwato da na Katsina da na Kano da na Maraɗi muka gwada, mai yiwuwa a tarar da kalmar gado da ta fi waɗanda na ƙirƙira dacewa, sai a ajiye nawa a ɗauki waccan. Allah ya sa mu dace.